Inna ma beteran ce

"Hajiya, safiyar Lahadi ta beteran ce," in ji mai gadin filin wasan unguwarmu a Garwa, ya tare ƙofa.

Likita ne ya ce Inna, mahaifiyata, ta riƙa tattaki saboda hawan jini. A titi 'yan moto sun kusa kwashe ta, shi ya sa na kawo ta nan.

Inna ta ce, "Mene ne beteran, ɗan nan?"

"Tsofaffin 'yan wasa, Hajiya."

Ta leƙa, ta nuna mai tsaron raga da sandarta. "Wancan mai tumbin? Da ni aka ci naman sunansa. In shi tsoho ne, ni mece ce?"

Mai gadi ya tuntsire da dariya, ya buɗe.

Ta zaga filin a hankali, 'yan ƙwallo na yi mata tafi. Da ta gaji, ba benci, ba inuwa. A kan kular ruwansu ta zauna.

Abin ya ƙona min rai. Ƙasar da tsofaffi ba sa rasa kujera a ofis, an rasa wa Inna benci ɗaya!

Lahadi mai zuwa za mu koma da kujerarmu. Wa zai kawo tasa tsohuwar?