Gashin Oshige a Akwatin Amarya

A unguwar masu shafe ta birnin Kanazawa, in ka tambayi Heizo sai a ce, "Wanne? Na Oshige?" Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. Tun yana saurayi yake shafa urushi, ƙaron itacen nan mai sa ƙaiƙayi, a jikin kayan ɗakin 'ya'yan sarauta: mazaunin madubi, tasar wanke hannu, akwatin turare. Baƙin shafen da yake fitarwa, don ƙyalli, kana iya gyara gemunka a ciki.

Buroshin wannan sana'a da gashin mace ake yin sa. A matse gashin cikin katako tun daga kai har gindi, in baki ya cinye a fere a fito da sabo. Na Heizo gashin matarsa Oshige ne. Shekarar da ta tare ta datse shi da hannunta ta dire masa a gaba.

"Ungo. Tunda buroshi ka fi kallo, gara in koma can."

Da kwando ɗaya Oshige ta zo gidan, ba ta kuwa bar shi ya manta ba. Duk sanda ta kawo masa shinkafa da miyar wake sai ta leƙa.

"Maigida, yau kuma 'yar wa ake yi wa? To, ni dai ina nan ina jira. Ko akwatin mataji ne."

"Bari in gama wannan," in ji shi.

Haka ya yi ta "bari in gama wannan" har furfura ta rufe su, har wani lokacin sanyi ta kwanta ba ta tashi ba. Abin ya ci shi ƙwarai, don yana sonta, bakin faɗa ne bai iya ba.

Ana nan wani basarake zai aurar da 'yarsa, aka kawo wa Heizo akwatin mataji. Lokacin buroshin bai fi ɗan yatsa ba, fira ɗaya ta rage. Ya fere. Ranar shafen ƙarshe ya yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, ya rufe ƙofa, ya ja hannu a cikin murfin. Sai buroshin ya saki, silin gashi ɗaya ya kwanta a kan baƙin, ya ɗan lanƙwashe.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne, a tsince shi da tsinken gashin tsuntsu kafin ya kama. Akwatin da aka ga gashi a ciki dawo da shi ake yi, wanda ya shafa kuwa shi da aikin gidan sarauta har abada. Heizo ya ɗauki tsinken, hannu ya ƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki murfin ya sa a ma'ajin danshi inda shafe ke ƙanƙarewa.

Da ya kai wa Magoroku, tsohon abokinsa mai zanen zinariya, wannan ya shafa da yatsa ya ɗago kai.

"Heizo, makanta ce ta zo ko rashin kunya?"

"Nata ne."

Magoroku ya jawo murfin gabansa. Ya sha cin miyar Oshige, ya sha zagi a bakinta.

"Tashi ka ba ni wuri, tsohon banza. Kai ba ka iya ba wa mace akwati ba, sai ka jawo mini."

Ya bi silin da garin zinariya, ya mai da shi karan ciyawa da iska ta kwantar, ya ƙara wasu a gefe don ya samu 'yan'uwa. Wakilin basarake ya juya murfin gaba da baya, ya ce ciyawar ta yi kyau, ya sa aka naɗe.

Ranar kai amarya Heizo ya durƙusa a bakin hanya cikin jama'a. Kaya suka yi ta wucewa a kafaɗun maɗauka, duk a lulluɓe, bai ma san wanne ne nasa ba. Guntun katakon buroshin yana cikin hannun rigarsa, babu ko sili. Ya damƙe shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Oshige, na gama. Ki yi haƙuri, na bar ki kina ta jira."