Kafson da Sista ta hana ni

Ko zan manta komai na zamanmu a Vimtim lokacin tsohuwar jihar Gongola, ban da damunar da kaska ta ciji maigidana. Ya je yankan ciyawa a bakin mayo, wato rafi, inda shanu ke kiwo, ya dawo yana susa. Da na duba, ga ta a bayan gwiwa, ta sha jini ta yi tim. Na cire ta.

A lokacin, kafso mai ja da rawaya shi ne maganin komai a wurinmu. Gudawa, kafso. Miki, a fasa kafso a barbaɗa. Sai na hau mashin zuwa Sabon Layi, wurin wata nas 'yar Michika mai ƙaramin kyamis, muna ce mata Sista. Na ce ta ba ni ya haɗiya tun ciwo bai kama shi ba.

"Ba zan ba ki ba, 'yata," in ji ta. "Ba kowace kaska ke da ciwo ba. In ma akwai, shan kafso yanzu ba zai hana shi ba, laɓewa zai yi ya fito daga baya. Ki sa masa ido. Ran da jikinsa ya yi zafi, ki zo da gudu."

Haushi kamar ya kashe ni! Na fito ina ƙunƙuni.

Wajen mako guda zazzaɓi ya kayar da shi, kai kamar zai tsage. Surukata ta ce maleriya ce, ta ɗura masa kulorokwin, a banza. Ƙaton mutum ya koma sambatu, ga ni da goyo. Wallahi na tsorata, na ga zawarci ƙiri-ƙiri.

Na garzaya wurin Sista. Ina isa, ta rufe shago ta biyo ni. Ta ɗaga ƙafarsa, ta nuna mini baƙin tabo a inda kaskar ta ciza, ga kaluluwa, ga jajayen ƙuraje a ƙirji. Ta ce, "Yauwa, yanzu ne lokacin kafso."

Kullum sai ta leƙo. Da ya ji sauƙi ya ce ya gaji da haɗiya, ta harare shi: "Maigida, ka shanye su tas, ko in kira maka mamarka!" Ya shanye kuwa, ya miƙe, da hannunsa ya cire gyaɗarmu a shekarar.

Matar nan, Allah ya saka mata. A wurinta na koyi cewa magani ma da lokacinsa, kuma wani mai hana ka abu ya fi mai ba ka ƙaunarka.