Wasiƙun Yaya Sa'idu da Ba Su Bar Gida Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sa'idu, tsohon shugaban makarantar firamare a Zurmi. Allah Ya jiƙansa. Ya koma ga Mahaliccinsa yana fushi da mutanen da ba su yi masa laifi ba, kuma ni ne sanadi.

Da hanyar Ƙaura ta zama abin tsoro, Yaya ya daina fita gari. Iyalai daga Dauran sun cika zaurensa da gudun hijira, 'ya'yansu ba makaranta. Ya rubuta sunan kowane yaro da ajin da ya tsaya, ya ƙudura neman musu gurbi. Ni na haɗa masa kwamfuta da na'urar raba intanet ta maƙwabcinsa, na saita imel. Na aika masa saƙo daga wayata, ya shigo, na ce aiki ya kammala. Ban gwada ko nasa na fita ba.

Wata bakwai yana rubuta wa ofisoshin ilimi da makarantu. Duk ranar da na kira, maganarsa ɗaya: "Malam ƙarami, mi ka gani? Ko na gode ba su iya ce ma mutum." Ni kuma ina taya shi zagin ofisoshi.

Bara na kai kwamfutar wurin mai gyara a Ƙaura domin in kwafe takardun Yaya. Ya juyo da allon ya ce, "Baba, waɗannan ai ba su tafi ko'ina ba." Na'urar maƙwabci tana barin saƙo ya shigo, amma ta toshe ƙofar da na saita masa ta fita. Lamba ɗaya mai gyaran ya sauya a saitin, ya ce yanzu za su iya fita. Wasiƙu goma sha tara suna jere, kowace da kwanan watanta, tsare a ɗakin nan kamar mai su.

Da Yaya yana raye, ban san wanda zai fi yi wa faɗa ba, ni ko hanyar da har yau ba ta biyuwa sai da kasada. Na tabbata dai zai ce a aika. Na aika, ban taɓa ko harafi ba.

Abin da ya rage na Yaya shi ne jerin sunayen nan. Wasu yaran har yanzu suna Zurmi, sun girme ajin da ya rubuta musu. Amsa ɗaya ta zo, daga wata shugabar makaranta. Na buga ta, na sa a fayil ɗinsa: "Malam Sa'idu, muna da gurbi. Me ya sa ba ka rubuto da wuri ba?"