Irin da Yaya Sabi'u Ya Ajiye Mana

Damina ta huɗu ke nan da muka binne yayana Sabi'u a Ƙarfi, Allah Ya jiƙansa, amma ban taɓa jin zafin rashinsa kamar makon jiya ba.

Shi ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoma layin da ake tura saƙon murya da hoton ganye in cuta ta kama shuka, malamin gona ya ba da amsa. Saƙonnin suna sauka ne a wata kwamfutar haya da ba wanda ya taɓa gani, ɗan yanki ne a cikin wata babbar na'ura can a intanet. Shi rumbu yake ce mata.

To, kun dai san mutanenmu. Kafin Alhaji ya ce tsutsa ta shiga masararsa, sai ya gaida gida, ya gaida yara, ya tambayi gajiya da ruwan jiya. Da haka rumbun ya cika. Wata da watanni na'urar na gargaɗi, kwamitinmu na cewa sai an zauna. Kaico! Ranar da ta tsaya cak, tsutsa na cin masara daga Maska har Danja, ba saƙon da ke shiga.

Na hau babur zuwa Funtuwa wurin Malama Rukayya mai aikin kwamfuta. Masu ba mu hayar sun ƙara mana wuri, amma na'urar ta nace a cike take. Malama ta ce kamar an ƙara maka gona ne ba ka matsar da shinge ba, kuma matsarwar ma sai da ɗan fili, ga shi ko wurin soka allura babu.

"Malam, sai an goge wani abu," in ji ta. "Tsofaffin saƙonni ne suka fi cin wuri."

A cikinsu muryar Yaya take, ita kaɗai ta rage mana. Kwashe su zuwa wani wuri zai ci kwanaki da wannan sabis namu, tsutsa kuwa ba ta jira. Raina a ɓace na ce ta goge.

Tana dubawa ta ci karo da wani ƙaton fayil, ba komai a cikinsa, an sa masa suna "iri". Nan na gane. Manomi ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓa damin iri. Yaya ya kame wurin ne don rana irin wannan. Shi ta goge, ta matsar da shingen, saƙonni suka fara kwararowa, kowanne da doguwar gaisuwarsa.

Da yana raye ya ji abin da ya biyo baya, me zai ce? Na roƙi kwamiti a mayar da fayil ɗin, shugaba ya ce asarar wuri ce. Haba jama'a! Ba a fafe gora ranar tafiya, sai mu, kullum.

Ban jira zamansu ba. Na koma Funtuwa, Malama Rukayya ta mayar da shi da sunansa. Mu dai mun ci irin da Yaya ya ajiye, ban san wanda zai ci namu ba.