Lasin Babbar Bindiga da Mushen Yanyawa

Shekarar da yanyawa ta dame mu, ina magidanci sabon shiga, muna zaune a wani ƙauye kusa da Goronyo, bakin fadama. Da damina gero nake nomawa, da rani kuwa zabi da kaji ne abin dogarona, don da su nake yi wa iyali cefane da sutura. Ina da bindigar toka da na gada wurin mahaifina, kuma ina da lasin ɗinta da nake sabuntawa kowace shekara a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya.

Yanyawa ba ta kai kare girma ba, ga manyan kunnuwa kamar an ara mata, amma ɓarnarta ta fi jikinta. Sun haƙe tudun yashin da ke bayan gari da ramuka. Da sanyin safiya, da an saki zabi, sai ka ji kuka, ka fito a guje ka tarar da gashi warwatse. Bindigar tokar nan kuwa ba ta cin nisa. Kafin ka ɗura albarushi, ka danna tsumma, ka lallaɓa kusa, ta gan ka. In ma ka harba, kafin hayaƙi ya washe ta shige rami.

Sai na ƙudura neman babbar bindiga mai cin harsashi, irin wadda ake sayarwa a kantin Turawa a Sakkwato. A zamanin nan ba a sayar wa talaka ita sai Di'o, Baturen mulki, ya sa hannu a lasin ɗinsa cewa an ƙara masa ita. Na kai kukana fadar hakimi, aka ce ba laifi, amma in ga masinjan Di'o, wani dogon mutum mai jan baki saboda goro, wanda ya zo garin ran kasuwa.

Ya saurare ni yana kallon wani wuri, sannan ya ce, "Malam, Bature ba shi yarda da maganar baki. Sai ka kai mishi shaida ya gani da idonai."

Na ce, "To, in feɗe in kawo fata?"

"A'a. Hwata ai ta kyanwa ma hwata ta. Kawo ta ɗungum. Shina Wurno rangadi, ka same shi can."

Na kafa tarko a bakin ramuka har na samu biyu. Na kashe su, na zuba a buhu, na ɗora wa jaki. Farkon bazara ne, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya. Da na isa Wurno aka ce Di'o ya tashi, ya nufi Rabah.

A nan wahala ta fara. Buhun ya kumbura. Wani ruwa mai yauƙi ya riƙa tsattsafowa yana bin haƙarƙarin jakin, ƙudaje kore shar suna binmu kamar 'yan rakiya. Masu fura a bakin kasuwar Wurno suna ganina sai su rufe ƙwarya da faifai su kau da kai. Wata tsohuwa ta toshe hanci da gefen zane ta ce, "Ɗan nan, mi ka ɗauko haka, don Allah?" Na ja jakina na wuce. Duk inda na tsaya salla sai na ɗaure jakin can nesa, in yi ta wanke hannu da ƙasa da ruwa, amma da na kai goshi ƙasa sai in ji warin a cikin rigata. A hanyar Rabah ungulu ta yi ta shawagi a kanmu. Abinci kuwa ya ƙi shiga.

A barikin Rabah wani ɗan doka ya kore ni daga inuwar da masu ƙara suke zaune, ya ce in koma inda iska ba ta kaɗowa wajen Bature. Nan na zauna cikin rana har la'asar. Can sai ga Di'o ya fito da gajeren wando, fuskarsa ja wur, wani kare mai dogon gashi yana biye da shi. Ya zauna a kujera, karen ya ɗare cinyarsa ya lashi bakinsa, shi kuwa ko gogewa bai yi ba. Na kau da kai.

Na faɗi na yi gaisuwa, na kwance buhu na zazzage. Tsutsa ta zubo tare da mushen biyu. 'Yan doka suka ja da baya. Shi Di'o sai ya taso, ya sa sanda ya juya ɗaya, ya ɗaga wutsiyarta, fuskarsa ta cika da murna kamar wanda ya ga ɗan garinsu. Ya yi ta zuba Turanci.

Tafinta, wani siririn malami mai tabarau, ya juyo gare ni. Zaki suke ce wa Di'o. "Zaki yac ce ƙasassu ma akwai irinta, sai dai ta can ta hi girma, kuma ja ta."

Na ce, "Rankai daɗe, to ya san ɓarnarta. A taimake ni da bindigar."

Aka mayar masa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Yac ce can wurinsu wanda duk ya harbe ta da bindiga ba mutumin kirki ne ba. Da dawaki da karnuka aka bin ta. Yac ce ka koma gida, shi da kainai za ya zo ya yi muku maganinta."

Maganar lasin ba a sake tayar da ita ba. Aka ce in kwashe ƙazantata in kai bayan gari.

Ban ɗauka zai zo ba, amma ya zo. Wata safiya sai ga shi da wasu Turawa daga Sakkwato, har da mace ɗaya sanye da wando, da dawaki, da tarin karnuka. Aka tara mu, mazan gari, aka ce mu cusa kara a ramukan mu sa wuta don hayaƙi ya fito da su. Muka yi. Wata yanyawa ta fito a firgice, ta rasa inda za ta, ta miƙe fadama.

A fadamar nan kawuna, wan mahaifiyata, yake da lambun albasa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, shi kaɗai yake jan jigo tun asuba yana ba fangalai ruwa, kuma albasar ta fara yin kai, saura kaɗan a cire. Ta cikinta yanyawar ta bi, karnuka suka bi ta, dawaki suka bi karnuka. Ina gudu a baya ina ganin kofato yana tumɓuke albasa yana watsa ta sama. Gefen fangalai ya rushe, ruwa ya malale. Wani doki ya bangaje jigon ya karya shi. Kawu yana tsaye da guga a hannu, bai ko motsa ba.

A ƙarshen lambun karnukan suka cim mata. Suka ja ta nan, suka ja ta can, hanjinta ya zube a kan ganyen albasa, Turawan suna ihu suna ɗaga hula. Di'o ya sauko ya ƙwace abin da ya rage, ya yanke wutsiyar. Sannan ya tsoma yatsa a jinin, ya je wurin matar nan, ya shafa mata a kumatu biyu da goshi. Na zaci za ta yi kuka. Dariya ta yi, sauran suna tafa mata.

Kawu ya ce a hankali, "Subhanallahi. Mi nika gani haka?"

Ba ta wanke ba. Aka shimfiɗa musu tebur a gindin wata tsamiya, kuku ya kawo shayi, ta zauna tana sha da jinin mushe bushe a fuskarta, ƙuda yana sauka tana kore shi da hannu. A wurin nan Di'o ya sa aka kira ni. Ya karɓi lasin ɗina, ya rubuta abin da na sha wahala dominsa, ya miƙo mini da hannun da ya taɓa jinin.

Tafinta ya ce, "Yac ce ka kyauta, sun ji daɗin wasa. Amma kak ka ƙare su duka, ka rage mishi na baɗi."

Na ce, "A gaya mishi lambun dattijon can hwa?"

Tafintan ya dube ni, ya dubi Baturen da ya riga ya juya ga abokansa, ya ce, "Malam, ka samu abin da kaka so. Tashi."

Na tashi na je wurin kawu. Yana duƙe yana tsince albasar da ba ta fashe ba. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ka kira su." Na tuɓe riga na shiga gyaran fangalai, na sari icce na ɗaura masa sabon jigo, amma har aka yi ruwan farko gaisuwata kawai yake amsawa, ba ƙari.

Bayan kaka na je Sakkwato na sayo bindigar. Tana cin nisa yadda aka faɗa. Kafin rani ya raba, tudun nan ya yi tsit, wadda ba ta mutu ba ta yi ƙaura. Duk wadda na harba a take nake bizne ta. Ban rage ko ɗaya ba, kuma da gangan na yi.

Da bazara ta kewayo sai ga masinja, wai Di'o yana tambaya ko abin farautarsa yana nan. A lambu ya same mu, ina taya kawu ban ruwa. Na ce masa babu, sun ƙare ƙaf. Ya ɓata rai ya ce Bature ba zai ji daɗi ba. Kawu ya tofar da yawu gefe, ya miƙo mini guga ya ce, "Ja ruwa, ɗana, rana na yi."