Marufan Kwalba a Hanyar Dutse

Ranar Talata ce da hantsi. Ilyasu yana durƙushe a rairayin kogin Binuwai, ƙasa da gadar Garwa, yana kakkaɓe yashi daga tayoyin na'urar da suka ƙera shi da abokinsa Antoine, sai rediyon wani mai wanki ya ambaci sunan ƙauyen su Antoine. 'Yan bindiga sun tsallako iyaka, sun cinna wa gidaje wuta, jama'a sun watse. Ilyasu ya danna lambar abokinsa, aka ce a kashe take. Ya sake dannawa, ya kuma.

Ilyasu ɗan masunci ne daga Lagdo. Ubansa yana jefa raga a tafki, uwarsa tana banda kifi. Shi kaɗai a gidansu ya kai jami'a, ya karanta lantarki a Ngawundere. A can ya haɗu da Antoine, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo, dogo mai yawan dariya. Da suka gama karatu aiki bai samu ba, sai suka kama ɗan shago a bayan kasuwar Garwa suna gyaran waya da fanka.

Antoine ne ya ga sanarwar gasar. Ana son matasa su ƙera ƙaramin mutum-mutumi da zai iya aiki a duniyar wata: ya tafi shi kaɗai, ya ɗebo yashi, ya komo inda ya taso, ba hannun kowa a kansa. Za a aika bidiyonsa ta intanet. Sharaɗin kuwa, mutum biyu ne aƙalla, ba a karɓar mutum guda.

Da injin gilashin mota da tsohuwar kyamarar waya suka haɗa shi, suka sa masa suna Gwano. Tafiya ba ta ba shi wuya ba, dawowa ce ta gagara, ga shi a wata babu taswirar waya da za ta nuna hanya. Sai Ilyasu ya tuna da ubansa. In tsohon ya shimfiɗa raga a tsakiyar tafki, yakan bar goruna suna yawo a bisa ruwa, ɗaya bayan ɗaya, washegari ya bi su har inda ragar take. Suka sa Gwano ya riƙa yar da jan marfin kwalba duk bayan taku biyu, in zai komo kyamararsa ta bi su.

"Mai kifi," in ji Antoine, "yanzu dabarar tsohonka za mu kai wata?"

"To ɗan dutse, kawo taku mana. Ku da akuya ke nuna muku hanya."

"Akuyarmu dai ba ta taɓa ɓata ba, wallahi."

"Yau kuma Kirista ke rantsuwa da wallahi?"

"Zama da kai ne ya jawo."

Aikin tara marufan ya faɗa kan Antoine. Shago-shago yake bi, aljihunsa kullum yana kacau-kacau. Ranar da zai tafi gida taya uwarsa girbin gero, kwana uku kacal ya ce, Ilyasu ya tare shi a bakin shago.

"Zazzage min su kafin ka hau mota."

"In na bar maka, me zai dawo da ni?" Ya yi dariya, ya tafi da su.

Bayan labarin rediyon, Ilyasu ya zama mutumin tasha. Duk motar da ta iso daga arewa sai ya leƙa, ya nuna hoton Antoine. Babu wanda ya gan shi. A shago kujera ɗaya ta zauna ba kowa. Yakan dafa shayi, sai ya ga ya zuba kofi biyu.

Ana saura kwana huɗu a rufe gasar, Eugène, wani da suka yi aji ɗaya, ya zo.

"Ɗan'uwa, ka cire sunansa ka sa nawa. In aka kira ku, wa zai tsaya kusa da kai? Kada wahalarku ta tafi a banza."

Ilyasu ya ninke takardar gasar. "Goge suna sai wanda aka binne," ya ce. "Na gode."

Shi kaɗai ya sauka rairayi. Ya jingina waya da dutse, ya kunna Gwano, ya ja da baya. Na'urar ta tafi tana yar da 'yan marufan da suka rage, ta cika cokalinta da yashi, ta juyo, ta bi su ɗaya-ɗaya har gaban ƙafarsa. Ilyasu ya waiga don ya yi wa Antoine magana. Mai wanki ne kawai can nesa, yana bugun zane. Ya aika bidiyon da sunayensu biyu.

A rana ta goma sha tara bayan harin, wata dattijuwa ta tsaya a bakin shagon, Mama Pauline mai sayar da waken suya, 'yar ƙauye ɗaya da Antoine.

"Ɗana, kai ne abokin yaron nan mai aljihu kamar na mahaukaci?"

"Ni ne, Mama."

Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye jan marfi a kan teburin. Ta ce ƙanenta ya koma ƙauyen duba abin da wuta ta bari. A bayan gidan su Antoine ya tsinci wannan. Ya ga wani marfin a gaba, a inda hanya ta rabu biyu, wani kuma can sama, duk a hanyar da ta haura dutse.

"Mu dai ba mu gane ba. Aka ce in tambaye ka."

Ilyasu ya ɗauki marfin, ya duba shi. "Mama, ki ce masa ya bi su. Kada ya kwashe ko ɗaya. Ya bi su kawai."

Ƙanen Mama Pauline ya hau dutsen ranar Asabar. Can sama waya ba ta shiga. Marfin yana nan kan teburin, kusa da Gwano. Yau Laraba, bai sauko ba tukuna, kuma ba a ji komai ba.