Layin da Auta ya haddace

A majalisarmu ta gindin bedi, kusa da tashar Kankia, ni ne mai kare gwamnati. Ba wanda ya naɗa ni. Malamin firamare ne ni, ina jin rediyo safe da yamma, kuma Allah ya yi ni da son a ce na fi kowa fahimta. Abokin gardamata wani tela ne da shagonsa ke kallon bishiyar. Bayan la'asar yakan jawo kekensa bakin ƙofa, yana taka shi yana jefo magana. In an ƙara kuɗin mai ni zan yi bayani, shi kuma ya ce in je in yi wa tankin babur ɗina bayanin. In an ɗauke wuta kwana huɗu sai in ce gyara ake yi, ya ce ai tun yana goye ake gyaran nan.

Da aka fito da dokar cewa kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa ko a rufe layin, na tsaya tsayin daka. Na ce masu satar mutane da waya suke ciniki, in an san mai kowane layi za su rasa maɓoya. Har yau ban ce wannan magana ƙarya ba ce. Telan ya tsayar da keke ya dube ni.

"Malam, mi za a yi da tsohin ƙauye? Wa za ya kai su?"

Na ce kowa yana da 'ya'ya. Na faɗe shi da ƙarfi har masu sayen rake suka waiwayo, ban ko tuna da tawa tsohuwar ba.

Innata tana Mawashi, a gidan da Baba ya rasu ya bar ta. Daddawa take yi tun kafin a haife ni. Akwai wata ƙaramar waya mai madannai a ɗakinta, tana rataye cikin jakar yadi a jikin ƙusa kusa da taga, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Duk kwana uku takan kai ta wurin mai caji da sola a bakin kasuwa, ta zauna ta jira ta cika, ba ta yarda ta bar ta ta dawo. Ba ta iya karatu ba, ta dai san koren madanni.

Dalilin wannan tsaro shi ne Auta, ƙanena. Shekaru da suka wuce ya bi 'yan ci-rani ya ƙetara Nijar, daga can ya yi gaba wajen masu haƙar zinare. Ba shi da waya tasa da ta daɗe a hannunsa. Sau ɗaya ko biyu a shekara yakan ari ta wani ya kira, kullum da baƙuwar lamba, in ka bi ta washegari ba ta shiga. Lamba guda ya haddace a duniya, ita ce ta jikin ƙusar nan. Mu ba mu da hanyar nemansa, shi ke nemanmu.

Ran wata Asabar na hau babur na je na yi mata bayanin doka, irin yadda nake yi a aji. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallona in muna magana ba. Tana tsince kalwa a faifai ta ce, "To, kai ka sani. Abin da duk za a yi a yi, kar dai a taɓa mini layin wanga yaro."

Na ɗauke ta muka je wurin rajista a Kusada. Mun sami layin mutane har bakin titi, janareta kuma ba mai, sai da aka jira aka sayo. Da aka zo kanta, matar da ke aikin ta ɗora yatsun Inna a kan gilashin na'ura. Ba abin da ya fito. Ta goge gilashin, ta goge yatsun, ta danna da ƙarfi. Shiru. Ta juya tafin hannun ta duba, ta ce zanen yatsun ya shafe. Shekara da shekaru ana murza dafaffiyar kalwa da toka don a cire ɓawo, ga lalle da Inna ba ta rabo da shi, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Ta ba da shawara a daina aiki mako biyu, a bar lalle, a riƙa shafa mai.

A kan hanyar komawa muka wuce gonakin Kaikai. Sannan na ji Inna daga bayana tana cewa, "Yanzu hannun nan da ya ciyar da ku shi ne injin ya ce bai gani ba?"

Amma ta bi umarni. Ban taɓa ganin Innata zaune hannu sake ba sai a makonnin nan. Matata ta je ta zauna da ita don girki. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta ji labari ta kawo man shanu a ɗan ƙoƙo, ta ce a shafa safe da yamma. Inna takan zauna a tabarma ta ɗora hannuwa a gwiwa, tafin yana kallon sama, tana ba da umarni ga duk wanda ya gifta. Masu sayen daddawa suka yi ta zuwa suna komawa. Matata ta ce mini ba ta taɓa shan faɗa irin na kwanakin ba, har yadda take riƙe muciya sai da aka gyara mata.

Da muka koma, na'urar ta kama yatsu isassu. Na dawo majalisa ina taƙama, na ce wa tela ga shi an yi, ba wanda ya mutu. Bayan lambar katin ta fito na ɗauki wayar na kai shagon da ake haɗa layi. Mai shagon ya buga lambar a kwamfuta, ya juyo mini da fuskarta. Hoton Baba ne, da hularsa a karkace, yana zare ido irin na wanda bai saba da hoto ba.

Na manta sarai. Lokacin da aka sayi layin, Baba ne ya je kasuwar Kankia ya yi rajista, don a wurinmu abin gida da sunan maigida ake yinsa, ko da matar ce za ta riƙe. Mai shagon ya ce katin Inna ba zai hau layin wani ba. Sai an kawo takardar shaidar rasuwa da rantsuwar kotu. Baba kuwa a ɗakinsa ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi. Ba wanda ya taɓa tunanin wata takarda. Wato mako biyun da na zaunar da tsohuwa, ban ma duba inda matsalar take ba.

Kunya ta hana ni gaya mata gaskiya gaba ɗaya. Na ce saura ɗan abu kaɗan. A raina kuma na ce sau nawa ana sa wa'adi ana ɗagawa, wannan ma za a ɗaga. Jarabawa ta zo, na ce sai na gama makin takardu. Damina ta faɗi, na ce sai an gama noman farko.

Aka fara da hana layukan kira, sai dai a kira su. Na je ina kame-kame zan yi mata bayani, ta katse ni. "Ni dama wa nike kira? Jira nike." Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, abin da bai kamata ba. Na karɓo wasiƙar mai gari ta shaidar rasuwar Baba, na ajiye ta a cikin littafin darasi, ta yi watanni a can.

Ranar da aka rufe layin ɗungurum, mai cajin ne ya lura ya gaya mata. Ta aiko a kira ni. Na same ta zaune da wayar a cinya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, "In ya kira yanzu, mi za a ce mashi?" Na ji tsanar kaina a ranar fiye da kowace rana a rayuwata.

Sai a lokacin na yi gudun da ya kamata in yi tun farko. Na je kotu, na je Katsina sau uku, kowace tafiya da takardar da aka ce ta rage. Kafin su haɗu aka ce mini lambar ta daɗe a rufe, ta koma kasuwa. Na saya wa Inna sabon layi da sunanta da yatsunta. Ta karɓa ta mayar da wayar jikin ƙusa, ta koma murza kalwa. Na daina zuwa majalisa na ɗan lokaci. Da na koma, tela bai ce mini komai a kai ba, ya dai matsa mini benci, kuma wannan ya fi gori ciwo.

Shi ne ma ya ba ni shawara in riƙa gwada tsohuwar lambar. Na yi ta gwadawa duk mako. Wata rana ta shiga. Wata mata ta ɗauka, ana jin ƙarar tukwane a bayanta. Mai sayar da abinci ce a Jos, Hausarta irin ta can. Da farko ta zaci ɗan damfara ne, ta kashe. Na sake kira na roƙe ta ta saurare ni minti ɗaya. Na gaya mata komai, har da laifina. Da na gama, ta ce in haɗa ta da tsohuwar.

Na je Mawashi na haɗa su. Ban san me suka ce ba, don Inna ta kore ni waje. Tun daga ranar, kowace Juma'a sai an kira Jos an gaisa. Matar ta rubuta sabuwar lambarmu da gawayi a bangon rumfarta. Sau biyu Inna tana ƙulla daddawa ta sa ni in nemi direban da zai kai, wai ba a barin mai tsaron ƙofa haka nan.

A tsakanin nan ta sa ni wani aiki. Duk zuwan da na yi sai in karanta mata sabuwar lambar, ita kuma tana maimaitawa tana lanƙwasa yatsu. Na ɗauka rigimar tsufa ce, na dai bi ta.

Bayan kaka, ran wata Lahadi da hantsi, ina tsakar gidan ina gyara mata ƙofar rumbu, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce mai tsawo. Inna ta danna koren madanni. Auta ne. Ya ce ya kira tsohuwar lambar, wata mata ta yi ta ihu tana cewa ya tsaya kar ya kashe, ta karanto masa lamba, ya rubuta a ƙasa da tsinke.

Na matso ina jira ta tambaye shi inda yake, ko yaushe zai dawo. Ba ta tambaya ba.

"Ƙasa iska na share ta," ta ce. "Saurara nan. Sihiri, takwas. Ce."

Na ji muryarsa can nesa yana cewa sifiri, takwas. Ta bi da shi lamba bayan lamba har goma sha ɗaya, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da suka kai ƙarshe ta ce ya sake daga farko. Ya sake. Ta ce ya ƙara. A karo na uku muryarsa ta karye a tsakiya, ta jira shi ya natsu, ya ƙarasa.

Sannan ta share fuska da gefen zane ta ce, "To. Yanzu gaya mini, lahiyarka lau?"